Malam Gide da Kanta ta Tara

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko ruwa ake ko rana, Malam Gide Sha'ibu ya riga ya jingine kekensa a gindin darbejiyar da ke ƙofar laburaren garin Ƙanƙara. Sai ya laluba aljihun gaba ya ciro makulli, ya yi bisimilla, ya sa kafaɗa ya tura ƙyauren, domin tun ranar da kafinta ya kafa shi yake cijewa. Tagogi yake fara buɗewa. Daga nan ya ɗauki tsumma ya bi kantocin littattafai guda takwas ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa bayan kowace ko gara ta fara gini. In ya gama ya yi shara, ya cika randa saboda masu karatu, sannan ya zauna a gaban durowar katuna, ya goge tabarau da bakin riga, ya jira wanda Allah zai kawo. Wata rana mutum talatin, wata rana uku. Akwai ranakun da daga shi sai ƙadangaru. Bai taɓa rufewa kafin ƙarfe huɗu don babu kowa ba.

Shekara talatin da biyar ya yi a haka. A watan jiya ya ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a buga kalanda da hotonsa ba, babu wanda ya zo daga Katsina ya yi jawabi. To, tunda masu rumfa ba su kafa ba, mu da muka ci moriyarsa za mu faɗi abin da idanunmu suka gani, tun yana raye yana jin mu.

Da tsintsiya ya shigo aikin nan, yana saurayi. Wanda ke riƙe da laburaren a lokacin ya ga rubutun hannunsa a bayan wata ambulan, ya ce wannan hannu ya fi ƙarfin shara kaɗai, ya koya masa rubuta kati. Kowane littafi da katinsa: sunan littafin, wanda ya rubuta, abin da yake magana a kai, da kantar da yake. Maigidan nasa ya rasu, aka turo wasu suka zo suka tafi, Malam Gide na nan. A takarda muƙaminsa bai taɓa wuce mai kula da ɗaki ba. A gari kuwa, in aka ce laburare shi ake nufi.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ƙauyuka suka watse, hanyoyi suka zama sai da addu'a, aka wayi gari an rufe makarantu. Cikin wannan hali ne aka aiko da takarda cewa za a yi bita ta kwana biyar ga ma'aikatan ɗakunan karatu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a koya musu aiki da bidiyo a intanet da yadda ake adana abin da aka samo a can. A laburaren Malam Gide za a yi, domin shi ne mai faɗi. An rubuta sunayen mutum goma sha biyu. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake karantawa, babu nasa.

Ya hau keke ya tafi ofishin da ke kula da laburaren, wajen shugaban sashe, Alhaji Sadiq. Ya gaishe shi, ya ce ya ga kamar an yi mantuwa.

"Ba mantuwa ba ce, Malam Gide," in ji Alhaji Sadiq, bai ma ɗago daga takardun gabansa ba. "Kai naka buɗe ƙofa da jera kujeru. Saura maka shekara uku. Mi za ka yi da intanet?"

"Ranka ya daɗe, shekara uku ai kwana dubu ne da wani abu. Mi zan yi da su, gyangyaɗi?"

"Abin nan na yara ne. Ko wayarka ba ta irin aikin ba ce."

"To, Allah shi ba mu alheri."

Malam Gide ya tashi ya fita. Ya biya gidan 'yarsa Amatullah da ke aure a bayan kasuwa, ya ce ta ara masa babbar wayarta kwana biyar, ya bar mata 'yar ƙaramarsa mai tocila. Ranar Litinin ya buɗe ƙofa, ya jera kujeru goma sha biyu kamar yadda aka umarce shi. Sannan ya ɗauko kujerarsa ta gaban durowa, ya ajiye ta a sahun farko, ya zauna da littafin rubutu da biro.

Mai koyarwar, Malama Shafa'atu, daga Katsina ta zo. Ta duba takardar sunaye, ta dube shi.

"Baba, ban ga sunanka ba."

"Ba za ki gani ba, ɗiyata. Amma ɗakin nan ni nike share shi. In an ce in fita, sai a faɗa mani a gaban mutane."

Ta waiga wajen Alhaji Sadiq, wanda ya zo buɗe taro. Ya kau da kai yana gyara hula. Ta ce, "Zauna, Baba," ta fara darasi.

Kwana biyun farko sun yi masa wuya, kuma bai ɓoye ba. Babban yatsansa ya yi kanta saboda noma da keke, in ya taɓa gilashin wayar ba ta jin sa, in ya danna da ƙarfi ta buɗe abin da ba a tambaye ta ba. Da aka ce kowa ya ɗauki bidiyon minti ɗaya na wani abu a ɗakin, shi ya tsaya a gaban kanta yana bayani a natse har minti huɗu. Da aka kunna, babu kanta babu littafi, sai hancinsa da gefen hularsa, domin kyamarar shi take kallo. Ɗakin ya kwashe da dariya, har wani ya faɗo daga kujera. Malam Gide ya jira suka lafa.

"Kun gama? To, Malama, a sake nuna mani inda ake juya ta."

Ta nuna masa. Ya rubuta a littafinsa, har da zanen ɗan madannin.

A rana ta uku aka zo kan adana adireshi. Malama Shafa'atu ta yi bayani cewa duk abin da ke intanet yana da adireshinsa, kuma akwai shafukan da mutum zai buɗe ya riƙa ajiye adireshin abin da ya ga yana da amfani, ya liƙa masa laƙabi na kalma ɗaya ko biyu don a san abin da ya ƙunsa. Abokan aikinsa kuma, ko suna wani gari, za su ga abin da ya ajiye, su ƙara nasu, kowa ya nemo da laƙabin. Wasu cikin matasan suka fara hamma. Malam Gide ya miƙe, ya je ya zaro durowa guda cike da katuna, ya dire ta a kan tebur.

"Malama, abin da kike faɗi, ba wannan ba ne? Littafi yana can, kati yana nan, katin shi ke gaya maka inda za ka same shi."

Ta dubi katunan, ta ɗauki ɗaya ta juya. "Shi ne, Baba. Wallahi shi ne."

"Ashe aikina ne aka kai sama."

Daga wannan sa'a ɗalibi ya koma gaba da kowa. Abin da ke ba sauran wahala, wato sanin kalmar da ta dace a liƙa wa abu don wani ya same shi, shi ya shekara talatin yana yi. A nan ne kuma suka yi sa-in-sa da mai koyarwa. Ta ce ƙa'ida ita ce a rubuta laƙabi da Turanci, don ya dace da na sauran wurare. Ya ce bai yarda ba.

"Manomin Daudawa da tsutsa ta shiga masararsa, mi zai rubuta? Tsutsar masara zai rubuta. Matar da ɗanta ke gudawa, gudawa za ta rubuta. In mun sa da Turanci, mun ajiye wa waɗanda ba su da buƙata."

"Baba, haka aka koya mana."

"Su da suka koya maku, da harshensu suka sa. Mu ma haka za mu yi."

Daga ƙarshe ta ce a sa duka biyun. Ya ce ya amince, amma Hausa a gaba.

Kai ne, Malam Gide, wanda aka ce ya jera kujeru ya koma gefe, ka jera ka ƙara taka kujerar. Kai ne aka yi wa dariya ka tsaya har aka gama, ka sake tambaya. Ranar rufe bita an raba takardar shaida goma sha biyu, ba a kira sunanka ba, ka tafa wa kowa, ka kwashe kujeru ka share ɗakin.

Cikin goma sha biyun nan, biyu ne suka ci gaba da aikin bayan an watse: Malama Zulfa mai kula da ɗakin karatu a Faskari, da Malam Hadi na Sabuwa. Su biyun da Malam Gide suka buɗe shafi guda na haɗin gwiwa. Da aka zo sa masa suna, ya ce laburarensa kanta takwas gare shi, wannan ita ce ta tara. Sunan ya zauna. Amatullah kuwa ba ta sake ganin wayarta ba, sai mijinta ne ya sama mata wata.

Makarantu na rufe, malamai na zaune a gindin bishiya. Malam Gide ya bi su gida gida. Wanda ya fara amsa masa shi ne Malam Muhammad Awwal, malamin kimiyyar sinadarai. Aka jingina allo a jikin kanta, aka tara manyan littattafai guda shida, aka ɗaure wayar a samansu da robar taya, malam ya yi darasi kamar aji na cike. Ɗora bidiyon minti goma a intanet kan ci yini guda, in sabis ya yanke a koma farko. Malam Gide ya gano cewa a bayan laburaren, kusa da katanga, sabis ya fi ƙarfi, sai ya kai benci can. Duk bidiyon da ya hau, ya ajiye adireshinsa a Kanta ta Tara, ya sa masa laƙabi. Malama Zulfa ta ɗauko malamar lissafi a Faskari, Malam Hadi ya samo malamin dabbobi a Sabuwa. Abin da ba su da mai koyarwa a kai, su nemo na wasu a intanet, su kalla daga farko har ƙarshe, in ya yi su ajiye. Malam Gide ba ya ajiye abin da bai kalla ba. Ya ce bai taɓa rubuta wa littafi kati bai buɗe shi ba.

Da damina ta sauka, wani dattijo, Alhaji Barau, wanda ya baro Daudawa da iyalinsa ya kama aron gona a gefen Ƙanƙara, ya shigo laburaren da ganyen masara a hannu, duk ya huhhuje. Bai taɓa shiga wurin ba. An ce masa ne akwai tsohon da ke nuna magani a waya. Malam Gide ya zaunar da shi, ya rubuta tsutsar masara, abubuwa bakwai suka fito. Suka kalla tare. Alhaji Barau ya ce biyu daga ciki shirme ne, wanda ya yi su bai taɓa riƙe fartanya ba. Malam Gide ya cire su nan take, ya ce, "To Alhaji, kai ka yi mana naka." Washegari suka tafi gona, dattijon ya tsuguna ya buɗe kan masara, ya nuna inda tsutsar ke ɓuya da lokacin da ake samunta, Malam Gide na ɗauka da waya. Bidiyon nan har yau shi aka fi nema.

A cikin masu zuwa kullum akwai Fatimatuzzahra, matar aure mai 'ya'ya uku, da suka taso daga wani ƙauye kusa da Yankara bayan an ƙone musu rumbuna. Shekara goma da barinta makaranta. Tana son shiga makarantar koyon aikin lafiya, darasi ɗaya ya tsare ta, kimiyyar sinadarai, kuma ta yi rajistar jarrabawar da ake yi wa 'yan waje a ƙarshen shekara. Takan zo da hantsi da goyo, ta zauna a bencin bayan laburare, ta kalli Malam Muhammad Awwal a wayar Malam Gide, ta tsayar, ta rubuta, ta mayar baya.

Saura wata uku jarrabawa aka katse sabis a yankin baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Waya ta zama madubi. Fatimatuzzahra ta zo ta tarar da shi zaune a bencin, wayar na kan cinyarsa.

"Baba, shi ke nan kuma?"

"Wa ya ce maki?"

"To ina za mu gani?"

"Ki dawo ran Asabar."

Ranar Alhamis ya rufe laburare da izinin rana ɗaya, ya shiga motar haya. Ya wuce Malumfashi, ya yi ta tafiya yana duban wayar, har aka shiga ƙasar Kano sandunan sabis suka fito. Nan ya sauka, ya sami rumfar mai cajin waya ya zauna. Ya buɗe Kanta ta Tara, komai na nan yadda suka bar shi. Ya sauke darussan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a ƙananan katunan memori da ake sa wa waya. Kowane memori ya naɗe shi a takarda, ya rubuta lamba. Da ya dawo ya zauna ya rubuta wa kowane memori kati irin na littafi, ya ware musu durowa guda. Ranar Asabar Fatimatuzzahra ta karɓi lamba huɗu, ta sa hannu a rajista kamar mai aron littafi.

Haka ya riƙa yi duk Alhamis. Malama Zulfa da Malam Hadi su rubuto abin da mutanensu ke nema a takarda, su ba direbobi. Malama Shafa'atu, da ta ji labari a Katsina inda sabis bai yanke ba, ta riƙa nemowa tana ajiyewa a shafin, da laƙabin Hausa a gaba, don in ya iso kada ya ɓata lokaci. Shi kuma ya sauke, ya naɗe, ya aika Faskari da Sabuwa cikin gwangwanin madara.

A wancan lokaci kuwa babu kalmar da ta fi kashe mutum kamar a ce shi infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ga tsoho yana fita gari duk mako zuwa inda sabis yake, ga shi an sha ganinsa a gonaki yana ɗaukar hoto, ga ƙunshe-ƙunshe yana ba direbobi. Magana ta fara a teburin mai shayi, ta shiga kasuwa, ta iso gidansa. Matarsa Larai ta tare shi a zaure da yamma, idonta ya yi ja.

"Malam, yau a gidan suna mata suka tashi daga tabarmar da na zauna. Ka san an kashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Ka bari. Don Allah ka bari."

Ya jingine keken a bangon zaure. Ita ta ba da labarin nan, ta ce ga amsar da ya ba ta.

"Larai, tsoro nike ji, ba zan ɓoye maki ba. Amma in na bari yau, gobe za a ce ai da ma gaskiya ne, ya ji an gano shi ya daina. Kuma yarinyar nan saura mata sati biyar."

Ranar Litinin da safe ya iso ya tarar da mutane a gindin darbejiya. Ga Alhaji Sadiq da sabon kwaɗo a hannu, ga mai unguwa, ga shugaban 'yan sintirin unguwa da mutanensa huɗu, ga 'yan kallo. Alhaji Sadiq ya ce saboda ƙorafin jama'a an yanke shawarar rufe laburaren har abin da hali ya yi, kuma da ma ana neman inda za a ajiye buhunan taki. Ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Malam Gide ya jingine keke a inda ya saba. Ya gaida mai unguwa, ya gaida kowa. Ya buɗe ƙofa, ya shiga, ya fito da durowar memorin nan, ya zauna a kan dokin ƙofa ya ɗora ta a cinya.

"Ranka ya daɗe, makulli naku ne, zan ba ku. Amma ba zan bayar a matsayin infoma ba. Ga abin da nike kaiwa da kawowa, guda arba'in da ɗaya. Wanda ke zargina ya zaɓa da hannunsa, a sa a wayarsa, ba tawa ba. In an ga abin da bai dace ba, ga ni ga ku."

Shugaban 'yan sintiri ya matso, ya tura hannu can ƙasa ya zaro ɗaya, ya sa a wayarsa. Sai ga muryar Malam Muhammad Awwal yana cewa a buɗe shafi na goma sha biyu. Ya cire, ya zaɓi wani. Malamin dabbobin Sabuwa, riƙe da bakin akuya. Ya zaɓi na uku, sai ga Alhaji Barau tsugune a gona. Wani daga baya ya ce ai wannan shi ya kalla ya ceci gonarsa. Shugaban 'yan sintirin bai tsaya ba, sai da ya duba goma sha ɗaya, rana ta take, babu wanda ya tafi.

Ana cikin haka Fatimatuzzahra ta ratso taron da goyonta, ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta ce a ba ta izini.

"Baba mai unguwa, mu mun san infoma. Shi ya sa muke kwana a ɗakin aro. Wanda ya nuna gidanmu bai taɓa ba mu komi ba sai toka. Wannan bawan Allah karatu yake ba ni. In za a zuba taki a ɗakin nan, a fara gaya mani inda zan je."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta tashi ba sai da mai unguwa ya ce ta tashi. Shugaban 'yan sintiri ya mayar da memorin ƙarshe cikin takardarsa, ya naɗe yadda ya same shi. Ya ce shi bai ga laifi ba, kuma daga yau duk wanda ya sake kiran Malam Gide da wannan suna, da shi yake. Sannan ya rage murya ya tambaya ko akwai na lissafi, yana da ɗiya a aji shida. Malam Gide ya ce akwai, amma sai ya sa hannu a rajista. Ya sa.

Alhaji Sadiq ya koma da kwaɗonsa. Bayan kwana biyu takardar tuhuma ta iso, ana tambayar Malam Gide dalilin da ya sa yake aikin da ba a sa shi ba. Ya amsa da shafi huɗu cikin wannan rubutu nasa, ya jera sunayen mutum ɗari biyu da goma sha bakwai da suka ari memori a garuruwa uku, ya rufe da cewa aikin da aka ɗauke shi shi ne ya haɗa mai nema da abin da yake nema, kuma ba a taɓa rubuta masa cewa sai a takarda ba. Ba a sake tayar da maganar ba. Ba a kuma ƙara masa girma ba har ya bar aiki. Mun faɗi wannan ne don kada wani ya zo gobe ya ce da hannunsa a ciki.

Kai ne ka zauna a dokin ƙofa da tsoro a cikinka, ba ka tashi ba. Kai ne ka fita ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya, a motar da ka saba, a kujerar da ka saba, kana gaida waɗanda suka yi da kai. Gide mijin Larai, tsoho mai sabon hannu.

Ba kowa ne ya ci jarrabawar ba, kuma shi da kansa zai fara gaya maka haka. Amma Fatimatuzzahra ta ci. Ranar da sakamako ya fito ta zo da takardar, ta ajiye masa a kan tebur. Ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya sake sawa. Yanzu tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya. Da sabis ya dawo, Kanta ta Tara ta ci gaba da cika. Malaman makaranta a Ketare sun shiga, ma'aikatan ɗakunan karatu da suka yi hamma a bita sun dawo suna tambaya, ya zaunar da su ya koya musu, bai tuna wa kowa dariyar da ya yi ba.

Wanda ya je gaishe shi makon jiya, yana zaton zai same shi a kishingiɗe yana hutun ritaya, ya tarar da shi a zaure da waya da littafin rubutu. Wai Malam Hadi ne ya aiko cewa akwai wani kafinta a Sabuwa mai suna Muslim, kurma ne, yana iya karatu, ya rubuto a takarda cewa yana ganin bakin malamai na motsi amma an bar shi a baya. Shi ne Malam Gide ke koyon yadda ake sa rubutu a ƙasan bidiyo. Ya yi kwana shida a kan bidiyo ɗaya, rubutun na riga maganar fita.

"Ya ƙi daidaita," in ji shi. "Amma zai daidaita."

Malam Gide, mun gode. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun gode, da waɗanda suka san sunanka da waɗanda muryar malami kawai suka ji a waya ba su san wanda ya yi tafiyar ba. Mun gode wa Malama Zulfa da Malam Hadi da suka riƙe nasu ɓangaren, da Malama Shafa'atu da ta ce ka zauna, da Larai da ta ji tsoro kuma ta ci gaba da haɗa maka guzuri duk Alhamis. Allah ya ƙara maka lafiya da hasken ido, ya sa aikin nan ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani.

Ku kuma da ke zaune a ofisoshi da makarantu da asibitoci kuna ƙirga kwanakin da suka rage muku, an ce muku zamani ya wuce ku kun amsa, ku je ku ga wannan dattijo. Ku matasa masu manyan wayoyi, akwai manomi a unguwarku da ya san abin da babu shi a intanet, ku ɗauke shi tun yana da rai, ku ajiye inda za a samu, da harshen da za a nema. An ƙone mana rumbuna, an rufe mana makarantu, an yanke mana hanya da waya, duk an yi. Amma ba a kai ga hana mu koyo ba, kuma duk wanda ya ce an kai, a nuna masa gidan Malam Gide.